Gyaran rufin majami'a ya ci karo da ajin manya da asusun gwauraye: ina mafita?

Magatakarda:

Salama gare ku iyaye, malamai da 'yan'uwa. Ni ne magatakardan wata majami'a a wani gari na kudancin jihar Kaduna, kuma na zo ne da wata magana da ta raba kan dattawanmu biyu, har an yi zama uku ba a tashi da matsaya ba. Ba zan ambaci sunan majami'ar ba, domin shawara na zo nema, ba tonon silili ba.

Ginin da muke sujada a ciki iyayenmu ne suka tayar da shi da hannunsu, maza suna buga bulo, mata suna ɗebo ruwa daga rafi. Yanzu kwanon rufin ya tsufa, kuma a daminar da ta wuce yoyo ya kai inda ba a iya ɓoye shi. Wata Lahadi cikin watan Agusta mai wa'azi yana karanta nassi wani dattijo na riƙe masa da laima, mata kuma sun jera bokitai da robobi a tsakanin bencina, har ƙarar ɗigar ruwa tana neman danne muryar mai karatu. Silin da ke saman wurin mawaƙa ya yi ciki ya yi baƙi, kuma kafintan da ya hau ya duba ya ce gara ta ci wasu daga cikin katakon.

Kwamitin gini ya kawo tsari mai faɗi: sabon rufi, tayil a ƙasa, tagogin gilashi, fenti ciki da waje, sabon bagadi, da ƙarin tsawon ginin ta gaba domin jama'a sun ƙaru. Hujjarsu ita ce tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kayan gini ba su sake sauka inda suke ba, saboda haka duk abin da aka bari sai baɗi, da kuɗin da ya fi na bana za a yi shi. Domin a samu abin farawa sun nemi abu biyu. Na farko, a dakatar da ajin manya na tsawon shekara guda, wato ajin karatu da rubutu na yammacin Talata da Alhamis da kuma ajin binciken Littafi Mai Tsarki, a mai da ɗakin ma'ajiyar siminti, ɗan alawus ɗin malami da kuɗin alli da littattafai kuma su koma asusun gini. Na biyu, a ranci kuɗin da ke asusun taimako, wanda muke tallafa wa gwauraye da marayu da marasa lafiya da shi, a mayar bayan godiyar kaka.

Rabin dattawa sun ce ba a barin gidan Ubangiji yana yoyo, sauran sun ce ba a rufe ɗaki da abincin maraya. Waɗanda suka taɓa fuskantar irin wannan, yaya kuka yi? Shin akwai hanyar da za a yi gyaran ba tare da an rufe aji ko an taɓa asusun ba, ko kuwa ni ne nake neman abin da ba ya yiwuwa?

Injiniya daga Jos:

Malam Magatakarda, salama. Aikina gini ne, saboda haka zan tsaya a kan abin da na sani. Tsarin da kwamitinku ya kawo ayyuka shida ne aka ɗaure da igiya ɗaya, alhali guda ɗaya ne kawai a cikinsu ba ya jira. Katakon da gara ta ci yana ɗauke da nauyi a saman kawunan mutane, shi ne na gaggawa. Tayil da fenti da gilashi da bagadi ado ne, ko an shekara biyar ba a yi su ba babu wanda zai ji rauni. Ƙarin tsawon gini kuwa aiki ne mai zaman kansa, yana bukatar zane da lissafin harsashi, domin sabon gini da tsoho ba sa zama cikin ƙasa tare, in kuma aka liƙa su ba da dabara ba, a mahaɗar ne bango zai fara tsagewa.

Abin da zan roƙe ku ku fara yi, tun kafin a yi maganar kuɗi, shi ne ku kwashe mawaƙa daga ƙarƙashin silin nan da ya yi ciki daga wannan Lahadin. Bayan haka ku samo injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Nijeriya, ya hau ya duba da idonsa, ya rubuta muku abin da ya gani, ya sa hannu. Ba raina kafintanku nake yi ba, amma kafinta yana duba katako ne kawai, shi kuwa injiniya zai duba ko bangon da lintar da ke ɗauke da katakon suna da sauran ƙarfi, musamman a ginin da ruwa ya daɗe yana jiƙa shi. Mu a nan Jos ba mu manta da makarantar da ta rufta a unguwar Busa Buji ranar 12 ga Yuli 2024 ba, inda mutum 22 suka rasu, yawancinsu ɗalibai. Haka kuma a Uyo ta jihar Akwa Ibom, ranar 10 ga Disamba 2016, rufin ƙarfe na wata majami'a da ake gaggawar kammalawa domin bikin naɗa bishop ya faɗo kan masu sujada, gwamnan jihar ma yana ciki a lokacin. Gaggawa da sakaci duk hanyarsu ɗaya take ɓullewa.

Lokacin aikin rufi rani ne, daga Nuwamba zuwa Maris, kuma ya kamata a gama kafin iskar farkon damina ta watan Afrilu, wadda ita ce ta fi kwashe rufi a yankinmu. A yi amfani da busasshen katako, a shafe shi da maganin gara kafin a hau da shi, a kuma ɗaure shi da linta da rodi ko langalanga, kada a dogara da ƙusa kaɗai. In dogon kwanon alminiyam za ku saya, ku sa a auna kaurinsa a gabanku, domin tsakanin mai milimita 0.45 da mai 0.55 akwai bambancin kuɗi, kuma ido ba ya rabe su. In tsohon silin na asbesto ne, kada a bar matasa su farfasa shi da guduma suna shaƙar ƙurar, a jiƙa shi a sauke shi a hankali, domin ƙurarsa tana lalata huhu, cutar kuma sai bayan shekaru take bayyana.

Ga kuma abin da ya shafi tambayarka kai tsaye. Aikin rufi ba ya cin siminti mai yawa. Simintin da ake son cika ɗakin aji da shi na tayil ne da ƙarin gini, ayyukan da ba a shirya farawa ba tukuna. Siminti kuma ba hatsi ba ne da za a ajiye shi shekara guda: in ya wuce kamar wata uku yakan fara rasa ƙarfi, in danshi ya same shi kuwa ya dunƙule ya zama dutse. Wanda ya saye shi yau domin gudun tsadar gobe zai iya tarar da ya yi asara biyu. In kun ware rufi kaɗai, ina ganin za ku tarar ba ku da bukatar ɗakin ajin ko kaɗan.

Uwar Zumunta:

Ɗana, na gaishe ka da aiki. Na yi shekaru ina riƙe da littafin taimako na Zumuntar Mata a majami'armu, kuma a kan wannan asusun nake so in yi magana, domin waɗanda suka kawo shawarar a ranta suna ganin kuɗi ne a kwance. Ba a kwance yake ba, jira yake yi, kuma ranar da za a neme shi ba ta sallama.

Na taɓa buɗe ƙofa da tsakar dare na ga wata gwauruwa da yaro goye a bayanta, jikinsa kamar garwashi, ta ɗaure takardar asibiti a gefen zane, ta kasa ma faɗin abin da ya kawo ta sai miƙo takardar kawai. Da a daren nan na ce mata kuɗinku yana saman rufi, ki dawo bayan godiyar kaka, da ban san da wane ido zan dube ta a wurin Jibin Ubangiji ba. Sannan ka lura da lokacin da ake son a riƙe kuɗin: daga rani har zuwa kaka, wato a haɗa da Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai iso ba, zazzaɓin cizon sauro kuma yana kan ganiyarsa. Watannin da aka fi bukatar asusun su ne daidai watannin da zai kasance babu komai a cikinsa.

Akwai kuma maganar amana. Wanda ya sa baikonsa a kwandon taimako ya san abin da ya bayar dominsa, kuma mafi yawan masu sa wa a wannan kwandon mata ne masu sayar da ƙosai da itace da kayan miya. In aka juya kuɗin zuwa wani wuri ba da saninsu ba, ko da an mayar daga baya, hannunsu zai yi sanyi, kuma hannun da ya yi sanyi a kan bayarwa yana da wuyar ɗumamawa. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni cewa ana manta da wasu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni ba su ce a yi haƙuri akwai babban aiki a gaba ba, sai suka sa aka zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu hidimar. Nehemiya ma yana tsakiyar ginin garun Urushalima talakawa suka kawo kukan yunwa da bashi, ya tara manya ya tsawata musu, ya sa suka mayar da gonaki da gidajen da suka karɓa jingina, ginin kuma bai fasa ƙarewa cikin kwana 52 ba.

Mu dabarar da muka koma yi ita ce ba ma barin asusun duka a kuɗi. Da kaka, lokacin da masara da wake suke da sauƙi, mukan sayi wani kaso mu zuba a buhunan nan masu ninki uku da ba sa shigar da iska, waɗanda ƙwari ba sa rayuwa a ciki ko ba a sa magani ba, mu ajiye sai damina ta yi tsakiya a raba. Ta haka tsada ba ta cinye kuɗin, kuma, ka yafe mini in faɗi gaskiya, babu kwamitin da ya taɓa zuwa ya ce mu ranta masa buhun masara ya yi fenti da shi.

Tsohon Ma'aji:

Ina neman afuwar Mama, zan ɗan saɓa mata, domin ina ganin ana shirin mai da kwamitin gini marasa tausayi, alhali su ma nauyi aka ɗora musu. Annabi Haggai ya tsawata wa mutanen da suka zauna cikin gidajensu masu kyau suka bar Haikali kango, suna cewa lokaci bai yi ba tukuna. Kuma in rufin nan ya faɗo, gwauruwa da maraya suna cikin waɗanda zai faɗo wa, ajin manya ma ba zai samu inda zai zauna ba. Saboda haka ba daidai ba ne a ɗauka cewa gini na masu kuɗi ne, taimako na talakawa. Rufi na kowa ne.

Ban yarda cewa haramun ne har abada a taɓa wani asusu domin wani ba. In injiniya ya rubuta cewa rai na cikin haɗari, kuɗin gini kuma bai kai ba, ikilisiya tana da ikon yanke shawarar ranta wa kanta. Amma ikilisiya na ce, ba dattawa su kaɗai a ɗaki ba. A karanta maganar a gaban jama'a, Zumuntar Mata ta yarda, a bar wani kaso da ba za a taɓa ba saboda larurar dare irin wadda Mama ta faɗa, a rubuta ranar biya a littafin majalisa, a kuma sa bashin ya zama abu na farko da za a cire daga godiyar kaka kafin a sayi ko da gwangwanin fenti ɗaya. Inda na yarda da ita ɗari bisa ɗari shi ne, a shekarun da na riƙe jaka, bashin da ikilisiya ta ci daga aljihunta shi ne ya fi kowane wuyar dawowa, saboda babu mai zuwa ya buga ƙofa ya ce a biya shi.

Kafin a kai ga rance ma, ina tambaya ko an gwada hanyar Yehoyada firist a zamanin sarki Yowash, kamar yadda take a 2 Sarakuna sura 12: akwati aka huda wa murfi aka ajiye kusa da bagade, in ya cika sai magatakardan sarki da babban firist su ƙirga tare, a miƙa wa masu lura da aiki su biya kafintoci da magina. Akwati dabam domin gini, mutum biyu wajen ƙirga, kuma ba a kashe kuɗin a kan kwanonin azurfa ba sai a kan gyaran. Ku liƙa lissafi a ƙofa kowane wata, ku rubuta wa 'ya'yan majami'ar da ke aiki a Kaduna da Abuja da Legas wasiƙa da rahoton injiniya a haɗe, ku raba rufin bandir-bandir kowane gida ko ƙungiya ta ɗauki abin da za ta iya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma mutane sun fi sakin hannu in sun ga inda kuɗinsu ya shiga.

Malamin ajin manya:

Ranka ya daɗe Magatakarda, kowa ya yi maganar kuɗi, ni kuma ajin ne ya dame ni, domin na koyar da manya shekaru masu yawa kuma na san yadda aji yake mutuwa. Yaro in an rufe makaranta shekara guda zai dawo, domin iyayensa za su kora shi. Babba ba mai kora shi. Dattijuwar da ta yi wata shida tana fama da riƙe fensir, yatsunta da suka saba da fartanya suna ƙin lanƙwasuwa, har ta kai ranar da ta rubuta sunanta ta ɗaga littafin sama tana nuna wa kowa, ta sha kunya da ba'ar jikoki kafin ta zauna a bencin nan. In aka ce mata ta je sai baɗi, abin da ta koya zai zube, kuma ba za ta yarda ta sake komawa baƙaƙen farko a gaban mutane ba. Ana cewa gemu ba ya hana ilimi, gaskiya ne, amma dogon hutu yana hanawa.

Kada kuma a ɗauki ajin a matsayin wani ƙari da ake yi in an samu sarari. Ikilisiyoyinmu da shi suka tashi. Ajin karatu ne ya riga gini a yawancin ƙauyukanmu, domin a wurare da dama ana so mai neman baftisma ya iya karanta nassi da kansa, kuma da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, wanda Dokta Walter Miller na Wusasa yana cikin waɗanda suka yi aikin fassararsa, shi ne ya zama littafin karatun iyayenmu da yawa waɗanda Hausa ba ma harshensu na gida ba ne. Daga baya gwamnatin Jihar Arewa ta kawo Yaƙi da Jahilci a farkon shekarun 1950, aka yi ta buɗe azuzuwa a zaure da gindin itace. 'Yan'uwanmu na EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, kuwa har yau suna tunawa cewa sujadarsu ta farko a Garkiɗa, ranar 17 ga Maris 1923, a gindin tsamiya aka yi ta. Ban kawo wannan domin in ce rufi ba shi da amfani ba, na kawo ne domin a ga cewa aji ba ɗaki ba ne.

Saboda haka ko da an karɓe ɗakin, kada a dakatar da karatun ko mako ɗaya. Aikin a rani za a yi shi, a rani kuwa inuwar mangwaro ko barandar gidan fasto ta isa, allo kuma ana iya jingine shi da bango. A rani ne ma manoma suke da sarari, shi ne lokacin da aji ya fi cika, rufe shi a lokacin kamar rufe kasuwa ne ranar da take ci. Game da alawus ɗin malami, ku tambaye shi kai tsaye, kada ku yanke a bayansa, ku kuma je hukumar ilimin manya ta jiha ku yi wa ajin rajista, domin in an dace akan samu littattafai, ɗaliban kuma su samu takardar shaida. Kuɗin alli na shekara guda, in aka auna shi da kuɗin kwano, ba zai rufe ko saman wurin mawaƙa ba.

Injiniya daga Jos:

Ƙarin bayani kaɗan a kan maganar Baba Ma'aji. Raba rufi bandir-bandir dabara ce mai kyau, amma a tara kuɗin a sayi kwanon a wuri ɗaya lokaci ɗaya, kada kowane gida ya kawo nasa, in ba haka ba za ku samu kauri da launi iri-iri. Kuma kada a yaye tsohon rufi sai sabon kaya ya cika a ƙasa, an kuma ware kuɗin kafintoci.

Magatakarda:

Na gode ƙwarai, iyaye da 'yan'uwa. Na kai wa fastonmu abin da kuka rubuta jiya da yamma, muka karanta tare, kuma tun a safiyar yau matasa sun matsar da bencinan mawaƙa zuwa ɗaya gefen. Ya amince a kira injiniya kafin zaman dattawa na gaba, a kuma nemi kwamitin gini ya fitar da lissafin rufi shi kaɗai, domin sai yanzu na lura cewa ba mu taɓa ganin wannan adadin a ware ba, jimillar ayyukan shida kawai aka karanta mana. Shugabar Zumuntar Mata za ta halarci zaman, abin da ba a saba yi ba a wurinmu, kuma na san akwai dattijon da ba zai ji daɗin hakan ba. Maganar ƙarin tsawon gini ce nake jin za ta fi wuya, saboda shugaban kwamitin ya riga ya sanar da ita a gaban jama'a tun Ista, janyewa kuma ba za ta yi masa sauƙi ba. Baba Ma'aji, in akwai yadda ake ɗage irin wannan alkawari ba tare da an kunyata wanda ya yi shi ba, ina bukatar jinsa kafin ranar Asabar.